Akuya da Bindiga

Na lura akuyar cikin wasan ta rataya bindiga, alhali jiya ba ta da ita.

Yanzu kowane wasan bidiyo da labarin mutanen gida ake gina shi, don haka muka naɗi tatsuniyar kakarmu, Iya Tabawa. Sai dai wasan yana bin son ran wanda ya buga ƙarshe, kuma ba ya ajiye na baya.

"Yaya Nafi'u, kai ka taɓa?"

"Ni ne. Awa guda akuya na gaishe-gaishe da kura! Wa zai zauna?"

"Ai gaisuwar ce labarin."

Iya na gefe tana ɓarar gyaɗa. Muryarta ta fito daga allon: "Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta," Iya ta amsa wa kanta daga gefe.

"Sai akuya ta harbe kura," in ji muryar.

"Iya, gaya masa yadda akuyar ta tsira," na ce. Ni ma na lalubi ƙarshen a raina na rasa.

Ta dubi Yaya. "Da wayo ne... ko dai harbin ne, maigidana?"

"Ke za a tambaya, tsohuwa."

Ta daɗe tana kallon allon. Sannan ta ture faifan gyaɗar, ta zura takalmanta, ta fita.