Kwalbar Vendelin

Pani Otiliya, wato Malama Otiliya a harshensu, na cikin mulmula ƙullin fulawa a ɗakin girkin kulob ɗin 'yan Cekoslobakiya sai ta ji an daki tebur a zaure. Ko kai ba ta ɗago ba. Tun ranar da labari ya iso Melbourne ta Ostireliya cewa Cekoslobakiya ta rabu biyu, teburin nan bai huta ba.

An riga an raba komai a baki. 'Yan Cek za su ɗauki famfon giya, 'yan Slobak su ɗauki fiyano, duk da babu mai iya kaɗa shi a cikinsu. Ginin kuwa sayarwa za a yi, kowa ya kama gabansa. Wannan shi ne abin da ke cin ran Otiliya. Mijinta Vendelin ya rasu, jikokinta Turanci kaɗai suke ji, nan ne kawai ya rage mata inda za ta balbale mutum da faɗa cikin harshen uwarta, ya kuma gane abin da aka ce masa.

Abu ɗaya ne ya gagari rabo, wato kwalbar.

Doguwar kwalba ce irin ta jiƙa kokwamba, da turɓaya a ciki, tana zaune a kan kantar kulob tun ranar da Vendelin ya kafa kulob ɗin. Kowa ya san labarinta. Lokacin da zai tsere daga gida a shekarar 1948, ya durƙusa a bakin iyaka ya cika safarsa da ƙasa. Tun daga nan duk wanda ya mutu a cikinsu sai an zuba masa cokali guda a kabari, don kada ya kwanta baƙo. Vendelin ne kaɗai ya ce kada a ɓata ko ƙwaya a nasa, a bar wa mabuƙata. Har gobe ana yabon wannan karamci.

Ƙofa ta buɗe, tsofaffi biyu suka shigo riƙe da kwalbar, kowa ya ƙi saki. Hynek ne mai ƙaton tumbi, shugaban 'yan Cek, da Imrich mai gashin baki, na 'yan Slobak. Jirgin ruwa ɗaya ya kawo su, kuma tun a cikinsa suke buga karta suna kiran juna ɓarawo.

"Pani Otiliya, ki gaya wa makiyayin nan gaskiya," in ji Hynek. Ya buɗe murfi, ya shaƙa, ya lumshe ido. "Ƙamshin dajinmu na Bohemiya ke nan bayan ruwan sama. Ko a mafarki na san shi."

"Kai da hancinka ya daɗe da mutuwa a kofin giya?" in ji Imrich. "Dubi launinta, ja wur. Irin wannan sai gindin duwatsunmu."

Otiliya ta so ta yi dariya, amma sai idonta ya faɗa kan hannun Imrich. Da hannun nan ya zuba wa matarsa cokalinta. Hynek ma ƙanensa na kwance a layi ɗaya da ita a maƙabarta. Duk ɓangaren da ta ce turɓayar tasa ce, ɗayansu zai koma gida da sanin cewa ƙasar wasu ya zuba wa nasa, kuma daga ranar ba mai sake zama teburi ɗaya da wani. Tausayinsu ya kama ta, haushinsu ma ya kama ta.

Ta goge hannu a zani, ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Pan Hynek, mutum ƙafa nawa gare shi?"

"Biyu mana."

"To safa nawa zai sa? Ta kogin Morava da ya raba ku mijina ya bi. Ya cika ta hagu a gaɓarku, ya haye ya cika ta dama a gaɓar su Imrich, ya juye duka a kwalba ya girgiza. Haka ya ƙarasa da takalmi ba safa, dunduniya duk ƙuje." Ta zaro rariya daga ƙusa ta ajiye a gabansu. "Bismillah, kowa ya tsince tasa. Amma a waje, kada ku ɓata mini gari."

Tsofaffin suka tsaya kallon rariya. Can Imrich ya yi gyaran murya.

"Dama na ji ɗan warin giya a ciki."

"Ni kuma na ji ƙarnin tumaki," in ji Hynek, "na yi shiru ne don kada ranka ya ɓaci."

Kafin yamma kwamiti ya zauna. Tunda kwalba ba ta rabuwa, dole ta zauna a inda take, kuma tunda tana kan kantar kulob, kantar ba ta tashi. Aka ɗage maganar sayar da gini har sai an samo mafita. Wanda ya san mutanen nan ya san ba za a taɓa samowa ba. Hynek ya zuba wa Imrich giya, Imrich ya ce kumfar ta yi yawa, aka koma karta.

Otiliya ta jefa ƙullinta a tafasasshen ruwa, zuciyarta wasai. Ita kaɗai ta rage a duniya da ta ga ma'aikacin tashar jiragen ruwa ya zazzage safar Vendelin a kwandon shara, don ba a shiga Ostireliya da turɓayar ƙasar waje, kuma ita ce ta riƙe masa kwalbar a sansanin baƙi, yana hawaye yana cika ta da turɓayar bayan akurkin kaji.