Ganyen da Ya Tashi Matar Tela

Tela ya ture keken ɗinki gefe, ya ɗora tukunya a kan risho. Nan da nan warin ganye ya cika shagon.

Bara matarsa ce ta kwanta. Tsargiya ce, fitsari da jini, ta rame har zobe ya daina zama a yatsarta. A asibiti aka sa ta cikin masu gwajin wani sabon magani da aka tatso daga ganye mai ɗaci, wai yana zaburar da garkuwar jiki ta yaƙi tsutsar cutar da kanta. Ranar da likita take bayanin yadda za a raba marasa lafiya kashi biyu, Tela yana waje yana lallashin wani da ya kawo masa ɗinki a waya. Aka ba matar ƙwayoyi a farar kwalba marar suna. Ta sha, ta miƙe garau.

Tun daga nan ba a zama da Tela bai kawo zancen ganyen ba.

Da ciwon ya kama Inna, mahaifiyarsa, ƙanwarsa ta karɓo mata ƙwayar tsargiya da aka saba bayarwa. Tela ya fizge ya watsa a kwata.

"Yaya, ka ji tsoron Allah!"

"Ke yi min shiru. Da idona na ga aikin ganyen nan."

Ya nemo shi buhu guda, kullum ya dafa ya tace. Inna tana sha tana yamutsa fuska tana sa masa albarka. Matarsa ta shinshina kofin, ta ce nata ko gyatsa ta yi ba ta jin wannan wari. Ya ce ai na asibiti gyararre ne.

Cikin Inna ya fara kumbura, idanunta suka faɗa. Ya ƙara ganye. Ranar da ta yi aman jini, goya ta ya yi har bakin titi.

A barandar asibiti ya tare likitar.

"Likita, ki rufa min asiri. Ni ne ban iya haɗin ba. Ki ba Inna ainihin wanda kika ba matata."

Ta ja shi gefe.

"Malam, tuni aka rufe gwajin nan. Ganyen bai kashe tsutsar ba, hanta ma yake taɓawa."

"To ai matata ta warke!"

"Matarka ba ta taɓa shan ganyen ba. Tana cikin waɗanda muka ba ƙwayar tsargiya da aka saba bayarwa."