Masunci da Motar da Ba Ta Tsayawa

Kai mai ƙafa ɗaya a waje, dawo da ita ka zauna, ka ji abin da ya sami wani masunci. A wani kwari yake zaune a bakin tafki, garinsu na haihuwa kuwa yana ɗaya gaɓar. Wata rana da hantsi yana gyaran koma aka aiko masa cewa wansa ya rasu, wan da ya riƙe shi tun yana maraya, ya kuma bar wasiyya kada kowa ya sa shi a kabari sai ƙanen nan nasa. Za a yi jana'iza bayan azahar. Bawan Allah ya yar da koma, ko hula bai nema ba, ya nufi sabon titin da aka shimfiɗa ya zagaye tafkin. Shi dai a saninsa mota mota ce: ka ɗaga hannu ta tsaya, in ka iso gindin tsamiyar garinku ka bubbuga jikinta a sauke ka. Ashe zamani ya wuce nan. Dogayen motoci iri biyu ne yanzu a tasha, masu koren fenti da ke bin gari gari suna tsayawa, da masu ja da aka ware wa layi a tsakiyar titi, ba sa taka birki sai a manyan tashoshi. Ya tarar koriya tana lodi a hankali, ja kuwa ta fara rufe ƙofa. Wata mai gyaɗa ta ce, "Baba, ina za ka?" Ina, ya riga ya faɗa ciki.

Mota ta miƙa a guje, har ya ji daɗi a ransa. Ba a jima ba ya hango tsamiyar garinsu, ya tashi ya bubbuga. Mota ba ta tsaya ba. Ya ƙara bugawa yana cewa akwai mai sauka, direba ko waiwaye. Yana ji yana gani tsamiya ta wuce, garin ya wuce, ba a buɗe masa ƙofa ba sai a birnin da ke ƙarshen kwarin. Nan fa kansa ya ɗaure. Ya hau gadar sama ya sauka, ya sake hawa, ya rasa gabas balle yamma, don tafkin da yake gane hanya da shi gine-gine sun tare. Ana haka ladan ya kira azahar. A ganinsa direban ɗazu ne kawai ba shi da mutunci, wa ya gaya masa maganar fenti? Da ya ga wata ta sa hanci wajen gida tana shirin tashi, sai ya ture mutane ya shiga. Ja ce ita ma.

Wannan karon da suka zo daidai tsamiyar, da idonsa ya ga mutanen garinsu zaune a inuwa, makara a gabansu, wasu sun tsaya suna duban titi. Shi suke jira. Ya doki gilashi da hannu biyu, ya kira su ɗaya ɗaya da sunayensu, amma tagar ba ta buɗewa, ba wanda ya ji shi. Ya fashe da kuka, dattijo da furfurarsa, motar ta mai da shi tashar da ya baro da hantsi. Sai a nan ya zauna ya saurara aka yi masa bayani, ya shiga koriya. Ta bi gari gari ta ajiye shi a gindin tsamiya dab da la'asar. Ya tarar mutane suna dawowa daga maƙabarta da jar ƙasa a hannuwansu. Liman ya ce sun jira har jira ya zama cutarwa ga mamaci, sai wani maƙwabci ya shiga ramin. Masunci ya tafi shi kaɗai ya durƙusa a kan ɗanyen kabari, ya rasa ma ta ina zai fara neman gafarar wansa.

Ka ji dalilin da ya sa Hausawa ke cewa sauri ya haifi nawa.