Jirgin Kano Ya Sauka Lafiya

"Yarona, daga Kano zuwa nan, awa nawa jirgi yake yi?"

Yoila, mai duba tikiti a filin jirgin Maiduguri, ya ɗago kai. Wata dattijuwa ce, ta riƙe ƙarfen ƙofa da hannu biyu.

"Kamar awa ɗaya ne, Hajja. Ga shi ma yanzu ya sauka."

Ta tsaya tana kallon fasinjoji suna fitowa, kowa da waya a kunne yana faɗa wa mutanen gida ya iso. Ta bi fuskokinsu da ido har na ƙarshe ya wuce.

"Duk lafiya suka sauka?"

"Lafiya ƙalau, Hajja. Wa kike jira?"

"Ɗana Ajimi. Ya gama karatu a Kano, zai dawo mana gida, unguwar Bulumkutu."

Yoila ya ce ta ba shi lambar yaron ya kira, wataƙila makara ya yi. Ta girgiza kai.

"Ya yanki tikiti, ya kira ni yana ta murna. Na ce masa ban yafe ba in ya hau abin da ba ya taka ƙasa. Yaro ne mai jin magana. Ya mayar da tikitin, ya shiga mota."

Ta gyara lafayarta.

"Bara waccan ke nan. A hanyar Damaturu aka tare su, har yau ba shi ba labarinsa. Tun daga nan nake zuwa in gani da idona. Yarona, ko sau ɗaya jirgin nan bai faɗi ba."