Tayil ɗin Ɗakin Inna

Kai da kake ganin duk abin da ya tsufa na bola ne, zauna ka ji. Sau ɗaya zan faɗa.

An yi wani direban tirela da Allah ya buɗa wa bayan shekara ashirin a kan hanya, ya tashi gyaran gidan mahaifinsa. Abin da ya fi damunsa ɗakin uwarsa. Da aka fara aikin ta koma gidan ƙaninsa, a can ta taka tayil mai sheƙi da ruwan alwala a ƙafarta, ta zame ta bugu a ƙugu. Ƙashi bai karye ba, amma tsoro ya shige ta. Matar da ba a suna ko ta'aziyya a unguwa ba da ita ba, ta koma ko buta sai an miƙo mata. Ga ido ya yi rauni, haske da duhu kawai take rarrabewa. Direban ya ƙudurta a ransa sai ta sake tafiya da ƙafarta a gidan mijinta.

Ya shiga kasuwa ya zaɓo tayil iri uku, masu ƙyalli har mutum na ganin gemunsa a ciki, ya kawo wa magininsa, wani dattijo mara yawan magana. Maginin ya jera su a ƙasa, ya tuttula musu ruwan buta, ya ce, "Cire takalmi ka taka." Direban ya taka, ba don ya dafa bango ba da ya sha ƙasa.

"To, kai ke nan mai ƙarfi," in ji maginin.

Washegari ya ja shi wani fili a bayan tashar jirgin ƙasa, inda ake tara kayan tsofaffin gidajen da aka rushe. Can ƙarshe, bayan ƙofofi da tagogi, akwai tulin tayil na zamanin da, na siminti, kaurinsu ya kai yatsa biyu. Wasu ja kamar jar ƙasa, wasu farinsu ya dushe, wasu da zanen fure. Ran direban ya ɓaci.

"Haba Baba! In gyara wa uwata ɗaki, in shimfiɗa mata abin da wasu suka gama takawa?"

"Shi ya sa. Ƙafa ta riga ta koya musu ladabi."

Direban ya durƙusa, ya shiga ware masu kyan fure. Maginin ya karɓi makullin motar direban. Kowane tayil sai ya ɗora shi a kan yatsu ya ƙwanƙwasa da makullin. Wanda ya yi ƙara garau, a ajiye gefe. Wanda muryarsa ta shaƙe, akwai tsaga a cikinsa ko da ido bai gani ba. Rabin masu furen nan haka suka faɗi. Waɗanda suka tsira aka zuba musu ruwa, suka shanye shi nan take, direban ya taka ya ji tafin ƙafarsa ya kama daram. Tun hantsi suke abu ɗaya har la'asar, tun yana tsaki har ya koma shi ke ƙwanƙwasawa yana kasa kunne yana murmushi. Da aka gama, sai ga wata matsala: babu launi ɗaya da zai ishi ɗakin. Farare da yawa, jajaye kaɗan. Maginin ya ce a kwashe duka.

A gida maginin bai tambayi komai ba sai abu uku: ina gadon tsohuwar, ina take alwala, ina take shan hantsi. Ya jera jajayen suka zama hanya, daga bakin gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa wurin alwala, reshe ɗaya ya karkata zuwa dakalin da rana ke fara sauka. Fararen ya cike gefe da gefe. Maƙwabta suka leƙo suka yi ta dariya. Matar direban ma ta riƙe haɓa ta ce, "Maigida, har a ɗakin Inna sai ka yi wa tirela titi?"

Ranar da aka dawo da tsohuwar, mutum biyu ke riƙe da ita. Ta tsaya a bakin ƙofa ta tuɓe silifas, ta goga babban yatsanta a ƙasa, ta sake gogawa. Ta sunkuyar da kai, ta ga duhun jan layin ya miƙe a gabanta cikin fari. Ta ce, "Ku sake ni." Ta ɗaga ƙafa ta sauke. Ta ƙara. Ta bi jan nan har wurin alwala, ta ɗauki buta da hannunta ta yi alwala, ta juyo da ƙafa a jiƙe. Direban na biye da ita da hannuwa a buɗe, kamar kaza da 'ya'yanta.

"Kai, matsa min," in ji ta. "Ni na koya maka tafiya."

Matar gidan ta rangaɗa guɗa, gida ya kaure da dariya. Ƙaton direban ya juya fuska yana share ido, wai siminti ne ya shigar masa. Kafin mako ya zagayo, an ga tsohuwar a gida na uku daga nan, tana yi wa mai jego faɗa a kan kunun kanwa.

Ka ji. Da tsohuwar zuma ake magani.