Malamin da Ya Miƙa wa Manhaja Jan Bironsa

Malam Sagir, tun ɗazu kake tura mini wayar nan a fuska kana yabon abin da ke cikinta, na yi shiru ne don kada a ce tsoho ya tsani sabon abu. Ban tsane shi ba. Amma ka tsaya in ba ka misali.

An yi wani malamin Turanci a wata sakandaren jeka-ka-dawo, yara tamanin da 'yan kai a ajinsa na ƙarshe. Mutumin kirki ne, sai dai duba insha'i ya ishe shi, kuma ba za a ga laifinsa ba. Duk Juma'a sai ya ɗaure littattafai a bayan babur kamar mai kai itace kasuwa, Asabar da Lahadinsa su ƙare a jan biro. Ana nan aka kawo wa makarantar kwamfutoci da intanet, aka nuna masa wata manhaja da yaro zai tura mata rubutunsa, kafin ka ce kwabo ta duba ta ba da maki. Malam ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Da farko yakan buɗe biyar ko shida ya karanta, ya ga ko ta yi adalci. Kafin zango ya ƙare ya koma kallon maki kawai. Su kuwa yaran yanzu, da ba a nuna musu hanya sau biyu, suka lalubo wata manhajar da ke yi musu rubutun. Shi ke nan, na'ura ta rubuta, na'ura ta duba, malam da ɗalibai suna gefe suna taya juna murna. Maki ya yi ta hawa, har shugaban makaranta ya kira sunan malam a taron safe aka tafa masa.

Sai takarda ta zo daga babban birnin jiha: za a yi gasar insha'i, kowace makaranta ta turo ɗalibi ɗaya, wanda ya ci a ɗauki nauyin karatunsa na jami'a. To, akwai wata yarinya a ajin, 'yar wani mai facin taya. Ba ta da waya, layin ɗakin kwamfuta kuma ba ya zuwa kanta sai an kusa tashi. Abin da ke kanta take bugawa da yatsa ɗaya, da kurakuransa, manhaja ta ba ta hamsin da biyar. Ta ƙwallafa rai a kan gasar nan, don ta san a gidansu babu mai kai ta jami'a. Ta samu malam da littafinta a hannu, ta roƙe shi ya karanta ko da shafi ɗaya. Bai ko karɓa ba. Ya ce, "Yarinya, na'ura ba ta son kai. Dubi makinki, dubi na wancan yaron." Ya zaɓi yaron da bai taɓa sauka ƙasa da casa'in ba.

Ranar gasa malam ya sha babbar riga, ya raka gwaninsa. A bakin zaure aka ajiye kwando, aka ce kowa ya zuba wayarsa. Aka raba farar takarda, aka rubuta a allo cewa kowa ya bayyana ranar kasuwar garinsu. Ranar kasuwa fa, jama'a! Ga yaron da aka haifa a bayan rumfunan 'yan tumatir! Malam na leƙe ta taga, awa biyu cur yaro na juya biro yana sharce gumi. Abin da ya miƙa, sunansa ne da sunan makaranta da layi uku. Da suka fito malam ya rufe shi da faɗa, yaro ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ai ba ka taɓa tambayata ko ni nake rubutawa ba."

Sai a ranar malam ya buɗe ayyukan yaron ya karanta. Inda aka ce ya bayyana gidansu, ƙanƙara ce ta rufe rufin ɗaki, kakarsa na jin ɗumin wuta tana gasa tuffa, a garin da zafi ke hana kaza yawo. Maki casa'in da huɗu. Takaici ya kama shi har ya rasa wanda zai zaga. Ranar Litinin ya karɓi littafin yarinyar, ya ga yadda ta rubuta babanta na nutsa tayar keke a ruwa yana neman inda kumfa ke fita, bai ɗago kai ba sai da ya kai ƙarshe. Amma gasa sau ɗaya ake yi a shekara, ita kuma shekararta ta ƙarshe ke nan. Ta karɓi littafinta da hannu biyu, ta yi godiya, ta koma wurin zamanta.

Yaro ya ari hannu, malam ya ari ido, yarinyar da ba ta ari komai ba ita ta kwana a ciki. Su biyun kuwa sun gani da idonsu abin da Hausawa suka daɗe da faɗa: zanen aro ba ya rufe katara.