Maɓallin da Ba Shi da Suna

Kawu makaho ne, kuma shi ke ɗora labarai a shafin intanet na wata ƙaramar jarida. Kwamfutarsa tana da murya mai faɗa masa sunan duk abin da ya taɓa. Da wannan aikin yake riƙe da gidansa.

Wata safiya ya buɗe wurin da ya saba rubutu, ya tarar an sauya shi kaf. A da muryar takan ce "ajiye" ko "wallafa". Yanzu duk inda ya taɓa, abu ɗaya take maimaitawa: "maɓalli".

Ya laluba har teburin injiniyan da ke kula da shafin.

"Ɗana, wa ya hargitsa min wurin aiki?"

"Masu manhajar ne suka sabunta, Kawu. Ba ka ga ya fi kyau ba?"

"Da wane idon zan gani? Ka mayar min da tsohon."

"Sai na samu lokaci. Za ka saba."

Ya kai kuka wurin edita. Edita ko ɗago kai bai yi ba. "Kowa ya yi shiru sai kai? Ba za mu koma baya don mutum ɗaya ba."

Ana nan, wani dattijon likita da gari ke ji da shi ya kwanta rai a hannun Allah. Edita ya sa Kawu ya rubuta ta'aziyyarsa ya ajiye, ko da ta Allah za ta kasance. Kawu ya gama, ya iso kan maɓallai biyu marasa suna. Ya kira injiniya, aka ce ya fita cin abinci. Sai ya danna wanda ke gurbin "ajiye" na da.

Ashe na wallafawa ne.

Kafin a ankara, masu gaisuwa sun cika ƙofar gidan likita. Matarsa, da ta baro shi a asibiti yana numfashi, ta ga labarin a waya ta yanke jiki ta faɗi. Babban ɗansu ya faɗo ofis yana huci.

"Wane marar imani ne ya kashe min uba yana raye?"

Edita ya nuna Kawu da yatsa. Ranar aka sallame shi. Ya ɗauki sandarsa ya fita, babu wanda ya ko raka shi bakin titi. Injiniya kuwa yana nan a kujerarsa, masu manhajar ko labari ba su ji ba.

Jama'a, sauya wa mutum kayan aikinsa ba tare da an tambaye shi ba zalunci ne, ko da an kira shi cigaba. Wanda kuma aka kawo wa kuka ya toshe kunne, shi ne mai laifin abin da ya biyo baya.